Kwana uku a kulle a Keta: me za a tanada, kuma me ba a taɓawa a al'adun warkarwa na Ewe?

Ɗan Zangon Nima

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar wasan juriya, irin fasahar nan da mai ita ke mai da jikinsa abin nuni, ya kulle kansa ko ya jure wata wahala na tsawon lokaci jama'a na kallo. An ɗora mini kula da shirye-shiryen irin wannan wasa a Keta, yankin Volta na ƙasar Ghana. Mai wasan ɗan ƙabilar Ewe ne, bai kai arba'in ba, kuma ba a san shi da wata cuta ba. Abin da ya tsara shi ne awa 72 cikin akwatin katako, jiki shafe da farar ƙasa, ƙafafu ɗaure da igiya, ba magana, ba abinci sai ruwa. Ranar fitowa a yi masa wankan ganye irin wanda ake yi wa mara lafiyar da ya gama zaman ɗakin tsafi. Yana kuma so a ɗauko makaɗan Yeve, wata ƙungiyar asiri ta Ewe, su buga a lokacin.

Tambayata kashi biyu ce. Ta farko ta jiki da kayan aiki: girman akwatin, iska, ruwan sha, igiya, da abin da ya fi saurin ɓaci. Ta biyu, a cikin al'adun warkarwa na Ewe, me ake iya ɗauka a kawo dandali, me kuma ba a taɓawa? Ba na so garin neman gira mu rasa ido.

Malam Aflao

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in ɗauki ta biyun, don ita ce ke iya rushe wasan tun ba a kafa ƙusa ko ɗaya ba. Bayanin yadda masu abin suke yi zan kawo, ba tallar tsafi ba.

A wurin Ewe masu bin addinin gargajiya, ciwon da ya ƙi jin magani da bincike ake fara masa. Ana zuwa wurin bokɔ, mai duban Afa, ya jefa sarƙar dubansa mai ɓawo takwas. Yadda ɓawon suka faɗi, wasu a buɗe wasu a kife, shi ke ba da ɗaya daga cikin alamu 256. Daga nan ake faɗa wa mutum ko wani trɔ, wato abin bauta, ne ke nemansa, ko kakanni aka saɓa wa, ko wata rigimar dangi ce aka binne ba a sasanta ba. Sai an san wannan ake maganar amatsi, ruwan da aka murje ganye a ciki don sha ko wanka. Saboda haka wankan da mai wasanku ke so ƙarshen wata doguwar hanya ce, ba abu ne mai zaman kansa ba.

Yeve kuwa ƙungiyar asiri ce ta So, abin bautar tsawa, wanda ake kuma kira Xebieso. Da yawa daga cikin 'yan ƙungiyar ciwo ne ya kai su. Wanda aka karɓa akan aske masa kai, a shigar da shi shingen tsafin ya yi watanni, a da har shekaru. A can zai koyi yaren ƙungiyar da na waje ba ya ji, da waƙoƙi, da rawa, da abubuwan da aka hana shi ci. A yi masa tsaga, a raɗa masa sabon suna, kuma bayan ya fito kiransa da tsohon sunan laifi ne. Wanda ya san girka a bori zai gane fasalin abin.

Ga inda nake so mai wasan ya tsaya ya yi tunani. A cikin shingen nan ba a barin mutum shi kaɗai. Akwai mai dafa masa, akwai mai yi masa wanka, akwai mai koya masa, akwai mai kwana kusa da shi. Wahala tana nan, amma masu abin ba ita suka ɗauka magani ba. A wurinsu maganin shi ne an ɗauke mutum daga inda ciwon ya same shi, an damƙa shi hannun mutane, an mayar da shi gida da sabon matsayi. In kuka ɗauko kulle da ɗauri kuka bar masu kula, kurkuku kuka kwaikwaya, ba ɗakin jinya ba. Kuma mutanen yankin suna da dalilin jin zafin wannan: a 1998 Ghana ta haramta trokosi, al'adar ba da 'ya mace ga shingen tsafi don biyan laifin wani a dangi, sannan har yanzu ana fama da masu ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a sansanonin addu'a duk da an hana. Ɗan kallon da zai ga ƙafa a ɗaure a Keta, waɗannan ne za su fara zuwa masa.

Batun makaɗan Yeve, ku bar shi. Kiɗan jeri ne, Husago da Adavu na ciki, kuma wani sashensa kiran iskoki ne kai tsaye. Husago ya daɗe da fita fili, ƙungiyoyin rawa na koyar da shi. Amma in makaɗan shinge na gaske suka buga na kira a Keta, a cikin 'yan kallo akwai 'yan ƙungiyar. Wata na iya faɗuwa iska ta hau ta, ku kuma ba ku da wanda ya san yadda ake saukar da ita. A wuraren Brekete, wata ƙungiyar tsafi dabam, akwai waɗanda aikinsu ke nan, ana ce musu sentrua: su ke riƙe wanda iska ta hau, su ɗaura masa zane, su zuba masa ruwa, su kawar da abin da zai ji masa ciwo.

Tunda na ambaci Brekete, wanda ake kuma kira Gorovodu, ya shafe mu ta wata fuska. Daga arewacin Ghana aka shigo da shi ƙasar Ewe wajen shekarun 1920. Goro ne tsakiyar hidimarsa, gangarsa irin ta Dagomba ce, waɗanda iskokinsa suka hau sukan sa riga da hula irin na 'yan arewa, akwai buta, akwai gutsattsarin Hausa da Larabci a waƙoƙin. In wani ya ajiye goro da buta gaban akwatin don ado, kai ɗan Zango za ka ga kayan tarbar baƙo, mutumin Keta zai karanta wani abu dabam.

Abin da ake iya ɗauka ba rigima: farin ƙyalle, farar ƙasar kasuwa wadda yawanci daga Anfoega take zuwa, da ganyayen da kowa ya sani kamar aduruku, ɗoɗɗoya, da kakle, ɗan'uwan garahuni, wanda ake ratayawa a wuya. In za a zuba dzatsi, garin masara da aka dama da ruwa, dattijon danginsa ne zai zuba, ba shi ba. Abin da ba a taɓawa: haɗin ganyen wani shinge, yarensu, sunayensu, tsagarsu, jeren ɗiyan wuri da suke ratayawa, da kiɗan kira. Hanyar neman izini kuma daga ƙasa take tashi. Shugaban danginsa tukuna, sannan mai magana da yawun sarkin gari, sannan shugaban shingen da ke kusa. Bisa al'ada ana zuwa da kwalbar giyar shinaf da ɗan kuɗi. Kai wannan ba aikinka ba ne, danginsa su ɗauka.

In labarin kulle yake nema wanda na kowa ne, ai yana da shi a gida. Notsie, a Togo ta yau, garin da Sarki Agokoli ya kewaye da ganuwa. Labarin baka ya ce ya sa a kwaɓa ƙasar gini da ƙaya a ciki, ya kuma ce a tufka masa igiya da laka. Mata suka riƙa zuba ruwan wanki a wuri ɗaya har ganuwar ta yi laushi, aka fasa, aka fice da dare ana tafiya da baya don sawu ya ruɗa masu bi. Wannan ake tunawa a bikin Hogbetsotso a Anloga, Asabar ta farko ta Nuwamba, kuma kafin ranar akwai sharar gari don korar cuta da zaman sulhu. Laka, ƙaya, igiya, ruwa, duk suna nan, ba kuma asirin kowa a ciki.

Inna Nas

Ƙanena, kafin a sayi katako a kai shi asibiti. A duba hawan jini, sukari, aikin ƙoda, zazzaɓin cizon sauro, a kuma tambaye shi gyambon ciki da farfaɗiya. Kada a tsallake gwajin sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a wannan yanki yana ɗauke da ƙwayar, yawanci bai ma sani ba, kuma zafi da ƙishirwa da ƙarancin iska su ne ainihin abin da ke tayar da ita. Mai ɗauke da ƙwayar, wato AS, ba zan yarda ya yi tsarin nan yadda yake ba.

Iska ita ce ta farko. Mutane suna tsoron oksijin ya ƙare, alhali iskar da muke fitarwa ce ke riga kai mutum ƙasa. Babba a kwance yana fitar da kusan lita 15 na kabon dayokside a awa. A rufaffen akwati mai faɗin mita ɗaya ta kowane ɓangare, wato lita 1,000, hakan na nufin kashi ɗaya da rabi cikin ɗari duk awa. Iyakar da ake yarda da ita a wurin aiki na awa takwas rabin kashi ɗaya ce. A kashi 3 ciwon kai da haki sun fara, a kashi 4 an shiga haɗari, tsakanin 7 zuwa 10 mutum ya suma. Ka ga a awa uku an gama, ba a maganar awa 72. 'Yan ramuka huɗu da aka huda da dirila ba sa magance wannan, don in ba abin da ke tura iskar ba ta fita. Ko dai keji mai sanduna, ko fanka mai zuƙo iska waje da batir na ajiya. Garwashi, kyandir, fitilar kananzir, turaren hayaƙi, maganin sauro na kunnawa, babu ko ɗaya a ciki. Janareta ma a nisanta shi, hayaƙinsa ba ya wari sosai amma yana kisa.

Sai zafi. Jikin mutum kansa kamar ƙwan lantarki mai wat 100 ne a kunne dare da rana. Keta bakin teku ce, iska a jiƙe take, gumi ba ya bushewa, in kuwa bai bushe ba bai sanyaya jiki ba. Idan zafin jiki ya kai digiri 40 aka ga ruɗewa, wannan bugun zafi ne, a fito da shi, a jiƙa shi, a yi fifita, a kira 112.

Ruwa lita uku a rana, in yana gumi sosai har huɗu, kaɗan-kaɗan. Lita ɗaya daga ciki ta zama ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, cikin lita ɗaya, cokulan a shafe ba a tsiri ba. In mai wasan ya ce sukari ya ɓata masa azumin, to aƙalla gishirin. Wanda ke gumi yana ɗirkar ruwa zalla ba abinci, gishirin jininsa na iya faɗuwa, alamarsa kuma ciwon kai da amai da ruɗewa, sai a zaci ƙishirwa ce a ƙara masa ruwa a ƙara kashe shi. Fitsari a riƙa aunawa a jug mai ma'auni. Mai kilo 70 kada ya gaza kusan mililita 800 a awa 24. In ya koma kalar shayi ba madara, mai yiwuwa tsoka ce ke narkewa tana toshe ƙoda, wasa ya ƙare.

Igiya ta auduga mai kauri, milimita 8 zuwa 10, a naɗa zagaye huɗu ko biyar a jere don nauyin ya bazu, a yi ƙullin da ba ya zarcewa. Yatsu biyu su iya shiga ƙarƙashinta, kuma a sake gwadawa duk awa biyu, don ƙafar da ba ta motsi tana kumbura zuwa yamma. Igiyar rama da makamantanta suna tsukewa in sun jiƙe, ga shi kuna da laka da gumi. Kada ɗauri ko gefen katako ya danne gefen ƙafa ta waje, ƙasan gwiwa kaɗan. Akwai jijiya a nan kusa da fata, in ta danne na 'yan awoyi mutum zai tashi yana jan ƙafa, wani lokaci na watanni. Dogon tsugunno da harɗe ƙafa ma suna jawo hakan. Wuya da ƙirji ba a ɗaure su ko da wasa, haka ma kwanciya rub da ciki hannu a baya. Almakashi mai dakusasshen baki ya kasance rataye a jikin kejin, ba a aljihun wanda ya tafi sallah ba.

Ya riƙa sauya kwanciya aƙalla duk awa biyu saboda gyambo a ƙugu da diddige da kafaɗa, yana kuma motsa idon sawu sama da ƙasa sau ashirin duk awa saboda gudan jini a sharaɓa. Farar ƙasa a gwada ta a damtse kwana biyu kafin ranar. A bar hammata, matsematsi, kewayen ido da leɓe. Tana da sanyi in tana ɗanye, don haka kada a sake shafawa bayan magariba. In ta bushe kuma tana jan fata ta tsattsage. Ƙasa kan fasasshiyar fata hanyar sarƙe-haƙora ce, wato tetanus, allurar rigakafinsa kada ta wuce shekara goma.

Tunda ba zai yi magana ba, a shirya alama. Duk awa biyu mai kula ya nuna masa yatsu a hannu biyu, shi kuma ya nuna jimillarsu. Ɗaga babban yatsa bai isa ba, wanda ya ruɗe ma yana ɗagawa. A rubuta bugun zuciya, zafin jiki, ruwan da ya sha da fitsari a littafi. Ana tsayar da wasa in bugun zuciya ya zauna sama da 120 yana kwance, ko zafi ya kai 38.5, ko ya yi amai sau biyu, ko awa takwas ba fitsari, ko sharaɓa ɗaya ta kumbura, ko ƙirji na ciwo, ko mutuwar ƙafa ta ƙi sakewa minti kaɗan bayan an sassauta igiya, ko ya kasa lissafin yatsu sau biyu a jere. Mai ikon tsayarwa ba shi ba ne. Zafi da gurɓatacciyar iska da faɗuwar sukari hankali suke fara taɓawa, mutum zai rantse lafiyarsa lau. A rubuta sunan mai ikon, shi mai wasan ya sa hannu tun yana cikin hayyacinsa.

Kafintan Dandali

Inna ta gama magana kan iska, ni dai in ƙara cewa manyan da ake kwaikwayo ba su matse kansu yadda ake zato ba. Kejin da Tehching Hsieh ya shekara a ciki a New York, daga Satumban 1978 zuwa Satumban 1979, kusan mita uku da rabi ne a tsawo, biyu da digo bakwai a faɗi, biyu da digo huɗu a tsaye. Sandunan katako ne, da gado, da wurin wanke hannu, da bokiti. Wani abokinsa ke kawo abinci kullum yana kwashe bokitin, lauya kuma ya shaida hatimin da aka sa wa kejin. Wahalarsa rashin magana da karatu da rubutu ce, ba matsi ba. Chris Burden ne ya matsu, kwana biyar cikin lokar ɗalibai a Kalifoniya a 1971, santimita 60 da 60 da 90, da jarkar ruwa galan biyar a lokar sama da wata fanko a ta ƙasa. Ya tsira, amma wannan ba abin koyi ba ne. Shi ɗin dai a Shikago a 1975 ya kwanta ƙarƙashin gilashi bai faɗa wa ma'aikatan gidan yaushe zai tashi ba. Awa 45 ana jiran juna, sai da wani ma'aikaci ya ajiye masa ruwa kusa sannan ya miƙe. Abin da Inna ke faɗi ke nan game da mai ikon tsayarwa.

Ga yadda zan gina. Tsawo mita 2.1, faɗi 1.2, tsayi 2 don ya iya miƙewa. In ya nace sai ƙarami, kada tsayin ya gaza 1.2, yadda zai zauna kai a miƙe. Firam na katako biyu-da-huɗu, sanduna na katakon da ake kira wawa don ba shi da nauyi, a goge da samfefa sosai. Tazarar sanduna santimita 8, hannu na shiga kai ba ya shiga. Sukuru, ba ƙusa ba. Daɓen a ɗaga shi santimita 40 daga ƙasa saboda tururuwa da ruwa, a shimfiɗa siririyar katifa a rufe da tabarma, 'yan kallo tabarmar kawai za su gani. Ba sabon fenti, ba banish, ba katakon da aka jiƙa da maganin gara. Rumfa dabam a sama da tazarar rabin mita, ta zana ko ciyawa. Kwano gasa shi zai yi, gilashi kuwa ya fi kwano muni.

Ƙofa ta buɗe waje. Kwaɗon da jama'a za su gani na gaske ne, amma gefe ɗaya na kejin gaba ɗaya a kan fil biyu yake, a zare su ya faɗo cikin daƙiƙa goma. Dalili shi ne wanda ya suma jikin ƙofa yake faɗawa, kuma ba ka jawo mutum mai kilo 70 ta ƙaramar ƙofa ƙafafunsa a ɗaure. A gwada zarewar da dare, fitila a kashe, da mutum a kwance a ciki. Iskar teku na kumbura katako ta kuma sa ƙarfe tsatsa, don haka a shafa wa fil ɗin kyandir a kuma taɓa su kowace safiya. Bokiti mai murfi da garin katako a ciki, da labule a kusurwa ɗaya. Gidan sauro daga magariba, Keta tsakanin teku da tafki take.

'Yan kallo su ma kayan haɗari ne. A Napoli a 1974 Marina Abramović ta tsaya awa shida ta bar wa jama'a abubuwa 72 su yi mata abin da suka ga dama. Tun ana ba ta fure har aka yanka mata tufafi da reza, daga baya aka ɗora mata bindiga mai harsashi. A Belgrade a shekarar nan kuma ta suma cikin wani tauraron katako mai ci da wuta don wutar ta cinye iskar, 'yan kallo suka ɗan jima suna zaton cikin wasan ne. Ku ja igiya mita biyu daga kejin. Masu kula biyu-biyu, awa takwas-takwas, kuma na ƙarfe biyu zuwa biyar na asuba su zama waɗanda suka yi barci da rana. A yi gwaji na awa 6, sannan 12, sannan 24, da hutun mako a tsakani.

Shawarar Malam ta Notsie ta burge ni, amma a kula in za a gina katangar laka don kwaikwayon ganuwar. Laka mita ɗaya ta kowane ɓangare ta haura kilo 1,600. Katanga mai tsawon mita biyu, tsayin ɗaya da rabi, kaurin santimita 20 ta kusa tan guda, kuma katangar da ake jiƙawa daga gindi ba ta shawara da kowa kan inda za ta faɗi. In za a yi, yaɓe ne na santimita 3 zuwa 4 a kan asabari, a wajen sandunan, a ɗan karkace zuwa waje, gefe ɗaya kaɗai don kada a toshe iska.

Ɗan Zangon Nima

Allah ya saka da alheri. Na kai masa bayanan. Ya yarda da keji maimakon akwati, ya kuma janye batun makaɗan. Amma ya ce in an cire matsi an sassauta igiya, ina zafin yake? Yana tunanin yin 'yar tsaga a damtse ranar ƙarshe. Sannan yana sha'awar harabar Fort Prinzenstein, tsohon ginin Turawa da ke Keta.

Malam Aflao

Wataƙila 'yan Kɔku ya gani, masu bantan ciyawa da ke shafe jiki da manja da gari su riƙa dirzar kansu da wuƙa in iska ta hau su. A faɗa masa su a wurinsu abin nunin shi ne kariya, ba ciwo ba, kuma suna da dokokinsu da masu tsaronsu. Tsagar da boka ke yi a shafa baƙin gari ita ma hanyar shigar da magani ce. Tsaga ba magani, a gaban kyamara, a garin da kowa ya san ma'anarta, ni ban ga abin da za ta ƙara ba. Awa 72 ba magana ba abinci zafi ne isasshe, zai gane haka a dare na biyu.

Fort Prinzenstein mutanen Denmak suka gina a 1784, an tsare bayi a ciki, teku ta cinye wani sashensa. Yana hannun hukumar gidajen tarihi ta Ghana, yana kuma cikin wuraren da UNESCO ta sa a jerinta a 1979, don haka sai da takardar izini, kuma ba a kafa komai jikin bango. Dokar zaman lafiyar jama'a ta 1994 ta ce a sanar da 'yan sanda kwana biyar kafin taro a fili. Kada ku raina wannan, Jelili Atiku, mai irin wannan fasahar a Najeriya, an kama shi a Ejigbo ta Legas a Janairun 2016 bayan wani wasa a titi. Ku kuma tuntuɓi cibiyar masu fasaha ta perfocraZe da ke Kumasi, ta Va-Bene Elikem Fiatsi, haihuwar Ho. Sun daɗe suna aiki da laka da sarƙa da wanka a bainar jama'a, sun san yadda 'yan kallon Ghana ke karɓar irin wannan.

Inna Nas

Tsaga a fatar da ta kwana uku cikin laka da gumi, a'a. In ya matsa, to wata rana dabam, fata a wanke, reza ta tiyata sabuwa a leda, safar hannu, ma'aikacin lafiya a tsaye, kuma ba mai taɓa jinin saboda ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankin.

Fitowar ku shirya ta kamar yadda kuka shirya shigar, don nan ake faɗuwa. A kwance igiya, ya motsa ƙafa minti biyar, ya zauna ƙafafu a ƙasa wasu minti biyar, sannan ya miƙe mutum biyu na riƙe da shi. Wankan a zaune kan kujera 'yar tsugunno, da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, zafi na buɗe jijiyoyi jini ya sauka ya suma. A fara jiƙa lakar da ruwa zalla har ta saki da kanta, kada a kankare. Sannan a duba fatar, in akwai inda ta fashe a rufe, ruwan ganyen kada ya taɓa wurin. Ganyen a wanke shi, a murje a ruwa mai tsabta a ranar, ba jiƙon da ya kwana ba. Na wanka ne, ba ya shan ko kurɓi a cikin da ba komai.

Abinci a fara da koko ko kunu mara kauri rabin kofi, bayan awa ɗaya a ƙara, sai ayaba, sai romo. Akple, tuwon masarar Ewe, da miya mai yaji sai washegari. A kwana uku haɗarin komawa ci bai da yawa ga mai lafiya, amma in wata rana ya ce zai haura kwana biyar, wannan sai da likita da gwajin jini. David Blaine, mai wasan juriya, da ya yi kwana 44 a akwatin gilashin roba a Landan a 2003 ya rasa kusan kilo 24, kuma da aka fara ba shi abinci a asibiti sai sinadarin fosfet na jininsa ya faɗi. Kwana biyu bayan fitowa wani ya riƙa kwana tare da shi, kada ya tuƙa mota ko babur, a ci gaba da duba sharaɓa da fitsari, kuma in zazzaɓi ya taso cikin mako biyu a yi gwajin cizon sauro a ranar.